Rubutu da waƙa bayan rasuwar 'yarki: tambayoyin da iyaye suka fi yi min

Shekara shida kenan da rasuwar 'yata, tana da shekara huɗu da wata biyu Allah Ya karɓi abinSa. Tun lokacin nake rubutu, wani ya yi kama da waƙa wani kuma surutu ne kawai a takarda, kuma da yake an san ina yi sai iyaye da suka shiga irin halin suke ta tambayata kusan abu ɗaya, shi ne na ce bari na tara su wuri guda. Ni ba likita ba ce ba kuma malama ba, uwa ce dai da ta yi karance-karance saboda bacci ya ƙi zuwa. Na fi cewa "ki" don mata suka fi tambaya, amma iyaye maza har da ku nake.

1. Ban taɓa rubuta waƙa ba a rayuwata, ta ina zan fara?

Kar ki fara da waƙa. Ki fara da jimla ɗaya wadda gaskiya ce, ko da ba ta da wani daɗin ji, kamar "yau na ga soson wankanta". Shi kenan, kin yi rubutun yau. Abin da na fara rubutawa a wayata kalma uku ne, "ba ta nan", na rubuta na goge na sake rubutawa, kuma har yau ina ganin babu wani baiti da na yi daga baya da ya fi shi faɗin gaskiya.

In hannu ya ƙi rubutu ki danna rikoda a waya ki yi magana, daga baya kya kwafe in kin ga dama. Maganar amsa-amo (ƙarshen layuka su zo da sauti ɗaya) da kari (ma'aunin waƙa) ki bar ta tukuna, na yi bayaninta a tambaya ta 6.

2. Wai da gaske rubutun yana rage zafin, ko faɗa kawai ake?

Toh a nan sai na faɗi abin da ba kowa ke son ji ba. Akwai wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, shi da Sandra Beall a 1986 suka sa ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya fi ƙona musu rai na minti 15 a rana, kwana huɗu a jere. Abin da aka gani, da zarar sun ajiye biro sai ransu ya fi ɓaci fiye da kafin su fara, amma a watannin da suka biyo baya zuwansu asibiti ya yi ƙasa da na waɗanda aka sa su rubuta abubuwan banza-banza. Daga nan aka yi ta maimaita gwajin a wurare da yawa. Sai dai da Margaret Stroebe da abokan aikinta a ƙasar Holan suka gwada irin wannan a kan waɗanda aka yi wa mutuwa, ba su ga wata hujja mai ƙarfi cewa rubutun na saurin warkar da mutum ba.

Ni wannan bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Rubutu bai rage min kewarta ba, ko na kwana ɗaya. Abin da ya yi min daban ne, ya ba tunanin wurin zama, maimakon ya yi ta zagaye a kaina ƙarfe biyun dare sai na sauke shi a takarda na rufe littafin, wani lokacin har na samu bacci. Na biyu kuma wanda ya fi min komai, ya adana min ita, duba tambaya ta 4. In wani ya ce miki "ki rubuta za ki warke" ki gode masa kawai, niyyarsa mai kyau ce.

3. Yaushe ya dace na fara? Wata takwas kenan ko kalma ɗaya na kasa.

Babu lokaci. Charles Darwin, masanin kimiyya na Ingila, 'yarsa Annie ta rasu a watan Afrilu 1851 tana da shekara 10, sati ɗaya kacal bayan nan ya zauna ya rubuta 'yan shafuka a kanta. Shi kuma Victor Hugo na Faransa, wanda rubutu ne sana'arsa, 'yarsa Léopoldine ta nutse a kogin Seine ranar 4 ga Satumba 1843 tana da shekara 19, a jarida ya gani yana kan tafiya, kuma littafin waƙoƙin da ya yi mata makoki a ciki sai 1856 ya fito, shekara 13. A cikin littafin akwai inda ya rubuta kwanan watan rasuwar kawai, a ƙarƙashinsa ya jera ɗige-ɗige, babu kalma ko ɗaya. Mutumin da ya cika duniya da rubutu kenan fa. Don haka wata takwas ɗinki ba komai ba ne 'yar uwa.

Abu ɗaya dai zan roƙe ki ki yi tun yanzu ko ba ki da ƙarfin komai: jerin ƙananan abubuwan da na faɗa a amsa ta gaba. Wannan shi ne ba ya jira.

4. In na zauna sai "ina kewarki" kawai ke fitowa, me kuma zan rubuta?

Wannan ce tambayar da na fi so a yi min. "Ina kewarki" gaskiya ce amma kowace uwa a duniya za ta iya rubuta ta a kan kowace yarinya, ba ta nuna taki. Ki rubuta yarinyar. Yadda take karya kalmomi, wace kalma ce ta kasa faɗa daidai har ta rasu, wane gefe take kwanciya, me take tsoro, wace ƙarya ta taɓa yi miki da kika kasa riƙe dariya, tabon da ke gwiwarta daga ina ya zo, warin kanta in ta yi wasa a rana, rigimar da take yi in za a taje mata gashi. Har da halinta da yake ba ki haushi, don Allah kar ki mai da ita mala'ika a takarda, tawa mafaɗaciya ce ta gaske kuma tana cizo, in na karanta inda na rubuta hakan sai na ji kamar ta shigo ɗakin, inda na rubuta "fure ce, tauraruwa ce" kuwa ba na jin komai, wata yarinya ce can da ban sani ba.

Darwin ɗin da na ambata a ta 3 haka ya yi, ya ma faɗa a farkon rubutun cewa yana yi ne don in shekaru sun ja su iya tuna halayenta sosai. A ciki ya rubuta yadda takan yi kusan rabin awa tana gyara masa gashin kai wai tana sa shi ya yi kyau. Kin gani ko, bayan shekara fiye da 170 wanda bai taɓa ganinta ba yana iya hango yarinyar nan a tsaye bayan kujerar babanta.

Yadda nake ba mutane shawara, ki buɗe shafi ki sa lamba 1 zuwa 50, duk abin da ya faɗo miki ki cika layi ɗaya, ba sai a rana ɗaya ba. Ki tambayi babanta, kakarta, malamarta in ta fara makaranta, 'yan uwanta, kowa yana riƙe da wani guntu da ke ba ki da shi. Waƙa in za ta zo daga cikin jerin nan take fitowa. Baitina na farko daga lamba ta 17 ya fito:

Takalmanki na nan a bakin ƙofa,
Hagu a dama, yadda kike sa ƙafa.

Ba wata gwaninta a ciki, na sani. Amma ita ce.

5. Ba rashin tawakkali ba ne? An ce min ina jayayya da ƙaddara.

An faɗa min nima, kuma ya yi min ciwo sosai. Abin da na riƙe shi ne, lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake gargara yana jariri, Annabi ya zubar da hawaye, ya ce ido yana zubar da hawaye zuciya tana baƙin ciki amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi, hadisin yana cikin Bukhari. Kuma shi uba ne da ya rasa 'ya'yansa mata uku da ransa, Zainab da Ruƙayya da Ummu Kulsum, Anas ya ruwaito cewa ya gan shi zaune a bakin kabarin ɗaya daga cikinsu idanunsa suna zubar da hawaye. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da maganganun nuna ƙin hukuncin Allah.

Marsiyya kuwa, wato waƙar makoki, tsohon fanni ne a adabin Musulmi. Khansa'u da ta shahara da marsiyyoyin ɗan uwanta Sakhr ta musulunta, sahabiya ce. Ibnur Rumi, mawaƙin Larabci, ya yi wa ɗansa na tsakiya da ya rasu yana yaro. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, malama sukutum, ta yi wa Muhammadu Bello da mijinta Giɗaɗo da aminiyarta A'isha. In ke Kirista ce, Zabura cike take da kuka, ga kuma kukan Dawuda a kan ɗansa Absalom. In akwai takamaiman layi da ya tsaya miki a rai kina tsoron ya wuce iyaka, ki kai wa malamin da kika amince da iliminsa da kuma tausayinsa, biyun tare. Duba kuma ta 7.

6. Dole sai na iya amsa-amo da kari kafin a kira shi waƙa?

A'a. Amma kar ki raina su, suna da wani amfani da ban zata ba. Idan kina neman kalmar da za ta ƙare da "fa" ko "na" don ƙafiya, wato amsa-amo, ta daidaita, rabin hankalinki yana kan aikin, rabi ne kawai yake kan ciwon, sai ki ga kin iya tsayawa kusa da abin da ba ki iya kallonsa kai tsaye. Mafi sauƙi 'yar ƙwar biyu, ɗango biyu, wato layi biyu, a kowane baiti kamar wanda na sa a ta 4. In kin saba sai ki gwada ƙwar huɗu ko ƙwar biyar, inda ɗangon ƙarshe na kowane baiti yake riƙe babban amsa-amo har ƙarshen waƙar. Kari kuwa ba sai kin karanta aruli, ilimin ma'aunin waƙa, ba, ki rera a hankali, inda harshenki ya yi tuntuɓe nan ne gaɓa ta yi yawa ko ta gaza.

Tsawo ma ba dole ba ne. Kobayashi Issa na Japan 'yarsa Sato ta mutu da ciwon agana a 1819 ba ta kai shekara biyu ba, abin da aka fi tunawa da shi a kan mutuwar waƙa ce mai gajerun layi uku, yana kwatanta duniya da raɓa, ya yarda cewa raɓa ce, sai kuma a ƙarshe zuciyar ta ƙi sakin maganar. Layi uku fa.

7. Abin da nake rubutawa duk fushi ne da zargin kaina. Da na kai ta asibiti da wuri, da na lura. In ci gaba?

Ki rubuta shi, ya fi ya zauna a ciki yana cin ki. Kusan duk uwa ko uban da na yi magana da su yana da nasa "da na sani", har waɗanda babu abin da ɗan Adam zai iya yi a kan ciwon 'yarsu. Jan Kochanowski, babban mawaƙin Poland, ya fitar da waƙoƙi 19 a 1580 kan 'yarsa Urszula da ta rasu tana da kamar shekara biyu da rabi, a cikinsu har ilimi da falsafar da ya yi taƙama da su duk rayuwarsa sai da ya juya ya caccake su don ba su tsinana masa komai ba ranar da ya buƙace su.

Dabarar da ta taimake ni, in na rubuta shafin zargi sai na rubuta wani a gefensa, na abin da na sani A RANAR, ba abin da na sani yanzu ba. A ranar zazzaɓi ne irin wanda ta yi sau goma ta tashi. Sai na ga ina hukunta wata mata a kan labarin da ba ta da shi. Bai goge zargin ba, amma ya rage masa murya. Irin waɗannan shafuka ba na nuna wa kowa, wasu ma na yaga. In kuma kin ga wata da watanni shafin zargi ne kawai babu wani, je ki ta 9.

8. Ina rubuta mata wasiƙa kamar tana ji, har ina ba ta labarin gida. Lafiyata ƙalau kuwa?

Ƙalau kike. Da can masana da yawa suna ganin wai sai mutum ya yanke alaƙa da mamaci kafin a ce ya dawo daidai, amma tun wajen 1996 da Dennis Klass da abokan aikinsa suka fitar da aikinsu, shi Klass ɗin ya daɗe yana zama da iyayen da suka rasa 'ya'ya, aka gane cewa yawancin mutane ba yankewa suke ba, alaƙar ce take canja kama, kuma hakan ba ciwo ba ne. Ni duk ranar haihuwarta ina rubuta mata, ina faɗa mata shekarar da za ta cika da ajin da za ta shiga.

9. Duk sanda na rubuta sai ranar rasuwar ta dawo min, na kwana ina rawar jiki. Yaushe rubutu yake zama cutarwa?

Ɓacin rai na awa ɗaya ko biyu bayan rubutu ba abin tsoro ba ne, na faɗa a ta 2. Abin lura shi ne in kullum wuri ɗaya kike komawa, gadon asibitin ko hatsarin ko wankan, da kalmomi iri ɗaya, babu abin da yake motsawa, kuma bayan kin gama ba bacci ba cin abinci. Wannan ba sauke kaya ba ne, sake ɗauka ne. Ki ajiye wannan ranar tukuna ki koma jerin ta 4, ki sa wa kanki minti 15 ko 20 da agogo, kuma kar ki yi dab da kwanciya. Stroebe da Henk Schut a 1999 sun bayyana cewa mai makoki yana kai-kawo ne tsakanin fuskantar rashin da kuma hutawa daga gare shi da harkokin rayuwa, kuma hutun ma wani ɓangare ne na aikin. Matakai biyar ɗin nan na makoki da ake yawan yawo da su kuwa, Elisabeth Kübler-Ross a 1969 a kan marasa lafiya da ke fuskantar tasu mutuwar ta tsara su, kar ki auna kanki da su kamar jarrabawa.

Akwai kuma abin da likitoci suke kira makoki mai tsawo, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a kundin cututtukanta na 11 da ya fara aiki a 2022, su sun sa aƙalla wata 6, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa wata 12 ga manya. Ba wai in kin wuce wata 12 kina kuka kina da ciwo ba, wallahi ni a shekara ta shida ina yi, ana nufin in ya hana ki gudanar da rayuwa kusan kullum. A nan littafi ba zai isa ba, ki ga likita ko mai ba da shawara, ki tafi da littafin ma in bakinki zai kasa. Idan kuma kin tsinci kanki kina rubuta yadda za ki bi ta, ko kina tunanin cutar da kanki, wannan yau za ki faɗa wa wani na kusa kuma ku je asibiti, ba gobe ba.

10. Mijina ya ƙi karanta ko layi ɗaya, ji nake kamar bai damu ba.

Nawa ma sai da aka yi shekara biyu. Na yi fushi, na ce ya manta da ita, ashe shi hotonta ne a cikin motarsa yake tsayawa a hanya ya gama kukansa kafin ya shigo gida. Ki faɗa masa inda littafin yake ki bar shi. Ɗan uwa in kai ne mai rubutun ita ce ta ƙi, amsar ɗaya ce.

11. In sa a Facebook ko WhatsApp, ko na bar wa kaina?

Friedrich Rückert na Jamus ya rasa yara biyu, Luise da Ernst, cikin 'yan makonni a ƙarshen 1833 da farkon 1834, ya rubuta waƙoƙi sama da 400 a kansu, kuma tarin bai fito a littafi ba sai bayan mutuwarsa. Wato mutum zai iya rubuta ɗari huɗu don aljihun teburinsa. Ni na sa wasu, kuma na samu alheri, iyayen da nake magana da su yanzu ta nan muka san juna. Amma ki shirya, za a samu mai cewa "har yanzu?", da mai wa'azi a ƙarƙashin kowane baiti, da mai kwafewa ya sa sunansa, da kuma wanda ya fi ciwo, ranar da kika zuba zuciyarki mutum uku suka danna. Dokata ita ce duk abin da na rubuta sai ya yi sati biyu kafin na fitar, kuma duk wanda ya shafi babanta ko yayyenta sai na tambaye su. Hotunanta na rashin lafiya ban taɓa sawa ba, wanda ya fita a intanet ba ya dawowa.

12. Sauran yaran fa, in sa su a ciki?

In suna so. Yaro ƙarami zane ya fi masa sauƙi, ki ba shi takarda ki rubuta abin da ya ce a ƙasa da kalmominsa, kar ki gyara. Sai dai ki lura, yara suna karanta fuskar uwa, in suka ga littafin marigayiya ya kai shafi ɗari su ko layi babu a kansu za su yi nasu lissafin a zuci. Yayanta ya taɓa tambayata ko shi ma sai ya mutu zan rubuta masa waƙa, yana da shekara tara lokacin. A daren na rubuta masa tasa.

13. Na daina rubutu kwata-kwata, kuma na fara mance muryarta. Na ci amanarta kenan?

Ba ki ci ba. Shekarar farko kusan kullum nake yi, yanzu sai na yi wata uku ban buɗe littafin ba. Murya kuwa tana cikin abin da yake saurin dushewa, ba ke kaɗai ba ce, shi ya sa na dame ki da jerin nan tun a ta 3 da ta 4. Ko yanzu ba a makara ba, ki rubuta abin da ya rage, ki tambayi mutane ko akwai mai bidiyo ko saƙon murya da ta shiga ciki ko daga nesa ne, za ki sha mamakin abin da ke kwance a tsofaffin wayoyin dangi.

Kuma don Allah duk abin da kika rubuta a waya ki tura shi imel ɗinki ko ki kwafe a littafi, na takarda kuma ki ɗauki hotonsa. Rubutuna na wata biyar ɗin farko yana cikin wayar da ta faɗa ruwa, mai gyara ya yi iya yinsa bai fito ba. Wasu layukan na tuno su na sake rubutawa, amma akwai wata kalma da take kiran malam-buɗe-littafi da ita, na san na rubuta ta a ciki, na tambayi kowa a gidan babu wanda ya tuna.